Bauchi na canja kama, mu kuma fuskokinmu kawai muke ɗauka

Duk wanda ya yi 'yan shekaru ba ya Bauchi ya dawo yanzu, in ka sauke shi a Wunti sai ya ɗan tsaya yana waige-waige kafin ya gane inda ya dosa. Aikin gadar sama ya canja wa wajen kama gaba ɗaya, haka can wajen babbar kasuwa, ga tituna da aka faɗaɗa aka ci shaguna da katangun gidaje, ga sabbin unguwanni sun tsiro a hanyar Jos da hanyar Ningi da hanyar Dass a wuraren da muka tashi muka sani gonaki ne. Ni dai ba na cikin masu kukan an ɓata gari, gari ai dole ya girma, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Wunti da yamma cikin azumi ba zai ce kar a yi gada ba. Damuwata daban ce. Ka tari duk wanda ka ga dama cikin masu bin wajen kullum, ɗan keke napep ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci, ka ce ya nuna maka hoton shataletalen nan yadda yake kafin a kawo katafila, hoton da shi ya ɗauka da hannunsa, ba wanda aka turo a guruf ba. Da wuya ka samu. Alhali kusan kowannensu akwai waya mai kyamara a aljihunsa, kuma in ka buɗe ta hotuna ne maƙil a ciki.

Ba a taɓa yin zamanin da ake ɗaukar hoto kamar namu ba, amma wallahi ina jin tsoron jikokinmu za su tashi su tarar ba mu bar musu komai ba, kuma abin da ya sa nake faɗin haka shi ne abin da muke ɗauka ɗin da kuma inda muke ajiye shi.

Duba wayarka kawai. Selfi, selfi, hoton ɗaurin aure, kamu, dina, walimar sauka, sabon ɗinkin Sallah, sikirinshot na alat, sai kuma hotunan barka da Juma'a da aka tutturo. Duk fuska ce, kuma fuskar ma an bi ta da filta har mutum bai kama da kansa ba. Wayoyin yanzu har wata dabara suke da ita ta dusashe duk abin da ke bayan mutum don shi kaɗai ya fito ras, mu kuma muna murna. To amma ka lura da yadda ake kallon tsohon hoto in an fito da shi a zaure. Minti ɗaya ake yi kan fuskar mai hoton, a yi dariyar wandon da askin, daga nan kowa sai ya koma bayansa. Wancan ba shagon wane ba ne? Kai, dubi bishiyar ɗorawar nan, ashe a nan take. Wannan ai fijo ce ta haya, lokacin ana lodin Jos a nan wajen. Dubi allon can har kuɗin kwanon abinci an rubuta. Abin da muke gogewa yau saboda muna ganin ya ɓata mana hoto, shi ne abin da za a zo ana nema ido rufe nan da shekara talatin. Kwata, turken awaki, mai shayi da teburinsa, bangon ƙasa da aka yi wa yaɓe, jarkokin mai ruwa a kura, layin mai a gidan mai. Yau abin kunya ne su fito a hotonka, na sani, amma su ne garin.

Kuma garin nan ba ƙaramin gari ba ne da za a ce ba shi da abin tunawa. Tun 1809 Malam Yakubu ya kafa shi ya zagaye shi da ganuwa, har yau muna kiran Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Jahun, Ƙofar Dumi, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Tirwun, amma yaro ɗan sakandare ka ce ya nuna maka ganuwar da ta haɗa ƙofofin nan sai dai ya kalle ka, don mafi yawanta ruwa ya cinye, an ɗebi ƙasarta an yi gini, gidaje sun hau kanta. Iyayenmu sun gan ta da tsayinta, sun hau ta suna yara, suna ba mu labari da baki, amma gani ya kori ji. Tsofaffin hotunan garuruwan Arewa da ke yawo a Facebook kuwa, in ka bi diddigi yawancinsu Turawa ne suka ɗauka, tun daga zuwansu nan a 1902, kuma abin da ya dame su shi suka ɗauka: sarki a kan doki, dogarai, hawan daba, Razdan da mutanensa a gaban bariki. Mun gode da suka ɗauka, da ba su ɗauka ba da ko wannan ɗin babu. Sai dai idon baƙo ne, kuma ainihin hotunan da yawansu suna can a ɗakunan ajiya na Ingila, mu kwafin kwafi muke gani wanda ya dusashe.

Bar ma zancen zamanin Turawa, zo kusa. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, an yi shekaru tasha na cike da fasinja da 'yan dako da masu sayar da abinci, unguwa guda ta rayu a kan jirgin nan. Ina hotunan? Kamfanin Steyr da a da ake haɗa tarakta da manyan motoci, da kamfanin nama, mutum nawa suka ci abinci a wurin suka yi aure suka gina gidaje, ina hoton ma'aikata suna fitowa a tashi aiki a kan kekunansu? A 1999 Bauchi na cikin garuruwan da aka buga gasar ƙwallon duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, a 2000 aka yi gasar wasanni ta ƙasa a nan wacce ta bar mana Games Village, a 2009 kuma aka sake kawo ta 'yan ƙasa da shekara 17 filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa. Hoton 'yan wasa a cikin fili za ka iya samu wajen 'yan jarida. Amma mu da muka cika filin, da masu rake da masu fiya wata a bakin get, da yaran da suka hau bishiya suna leƙe, mu ba mu fito a ko'ina ba. Na tabbata akwai waɗanda suka ɗauka, suna nan cikin akwatuna a ƙarƙashin gado a Jahun da Kobi da Bakin Kura, gara da danshin damina suna aikinsu a hankali.

Akwai kuma wani dalili da ya kamata a yi wa mutane adalci a kansa. A Yulin 2009 'yan Boko Haram suka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, daga nan wutar ta bazu har Maiduguri, a Satumban 2010 kuma aka fasa gidan yarin Bauchi. Bayan nan kowa ya san yadda gari ya koma, shinge ko'ina, buhunan yashi a gaban ofisoshi, ka sauka ka tura mashin. A irin wannan yanayi wa zai tsaya a bakin titi ya ɗaga waya yana ɗaukar kasuwa ko masallaci ko tasha? Kafin ka sauke hannu an kewaye ka ana tambayar wa ya aiko ka, kuma masu tambayar ba su yi laifi ba, tsoro ne ya yi yawa. Abin takaicin shi ne daidai lokacin ne wayoyi masu kyamara masu araha irin su Tecno da Itel suka cika hannun talaka. Wato lokacin da kowa ya samu abin ɗauka, lokacin ne kuma ɗaukar gari ya zama abin zargi, sai muka juya kyamarar muka kalli kanmu, muka saba, har yau ba mu juyo da ita ba. Alhamdulillahi yanzu an samu sauƙi sosai. Ba na cewa mutum ya je yana ɗaukar barikin soja ko ofishin jami'an tsaro, wannan neman fitina ne, amma layinku fa? Masallacin unguwarku, majalisar da kuke zama bayan la'asar, injin niƙan da kuka yi ta kai markaɗe kuna yara, wa zai hana ka?

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne wajen abota. Mu da muka yi makaranta kafin 1996 mun san abin da ya faru ranar 1 ga Oktoban shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi. Murna aka yi, kuma ta cancanta, amma a cikin 'yan watanni ma'aikata 'yan asalin can suka tattara iyalansu suka koma, sai ka shiga aji ka ga benci ya yi gibi, wanda kuke cin ƙosai tare a bakin get an ce sun tafi, babu waya a lokacin, GSM sai 2001 ta zo, babu adireshi, shikenan. Gombe ba nisa, amma a wajen yaro ɗan firamare ko ɗan aji biyu a sakandare ta yi nisan da ba ya iya zuwa. Abin da ya rage tsakanin irin waɗannan abokai sau da yawa hoto ɗaya ne na aji, wanda mai hoto ya zo makaranta da kyamararsa a rataye a wuya aka jeru, dogaye a baya gajeru a durƙushe a gaba, aka yi karo-karo aka biya, bayan sati ya kawo. Yau in aka jefa irin hoton nan a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai sai ka ga mutanen da suka shekara ba su ce uffan ba sun fito, wannan na cewa ga ni nan na uku daga hagu, wancan na tambayar ina wane yake, a nan ne za a ji wane yana Kaltungo yana koyarwa, wane ya zama babban ma'aikaci a Abuja, wane kuma Allah ya yi masa rasuwa tun tuni ba a sani ba. Na ga zumuncin da ya mutu murus ya tashi saboda hoto ɗaya, har aka haɗa kuɗi aka biya wa marayun wani kuɗin makaranta.

Irin hotunan nan kuma suna riƙe da wata shaida da bakinmu ya fara mantawa. Ka duba sunayen da ke ciki: Hausawa, Fulani, Jarawa, Sayawa, Gerawa, Tangale, ga yaron Ibo da babansa ke sayar da kayan gyaran mota, ga 'yar Yarbawa da uwarta ke da shagon ɗinki, duk hannu a kafaɗar juna. Rikicin 1991 da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011 da sauran na tsakani sun raba unguwanni, wasu sun koma Yelwa, wasu sun bar jihar gaba ɗaya, har aka samu yaran da suka tashi ba su taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. In ka ce musu da ba haka garin yake ba sai su ɗauka irin daɗin bakin manya ne. Ka ajiye musu hoton a gabansu, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Mu kuma na yanzu me muke bar wa juna? Abokinka na ƙut da ƙut da kuke zama majalisa ɗaya kullum, ka duba ko kana da hotonsa yana zaune a inda ya saba zama, da tsohuwar rigarsa, yana dariyarsa ta gaskiya. Sai ranar da aka ce ya rasu za ka ga ana ta faman neman hoton da za a sa a sanarwa, a ƙarshe a yanko kansa daga hoton ɗaurin auren wani, kafaɗar mutumin da ke gefensa na leƙowa. Duk lokacin da na ga irin wannan sai raina ya sosu, don mutum ne da aka yi shekaru ana tare da shi safe da yamma.

Cikin gida ma haka ne, ko ma ya fi. Iyayenmu mata da yawa ba su da hoto sai na fasfon Hajji ko na katin zaɓe, saboda kunya da kuma al'ada, kuma ina girmama wannan. Amma ɗakin kakarka da jeren kwanukanta da gadonta mai rumfa, da murhunta, da yadda take kaɗi ko tankaɗe, da irin kitson da ake yi a da wanda yanzu ko sunansa 'yan mata ba su sani ba, duk suna tafiya tare da masu su. Wani mai hoto ɗan Najeriya, J.D. Okhai Ojeikere, tun daga 1968 ya ɗauki shekaru yana bin kitson mata yana ɗauka, yawanci ma ta ƙeya ba tare da fuska ba, har ya tara kusan dubu, ya rasu a 2014 amma yau a manyan gidajen tarihi na duniya ake rataye aikinsa. Kitso fa kawai. 'Yan matanmu da ke da waya a cikin gidajen nan su ne kaɗai za su iya yin irin wannan a nan, don su ke shiga inda namiji ba ya shiga, kuma ba sai an sa a intanet ba, a bar shi a cikin dangi.

To ko da mun ɗauka ɗin, ina muke ajiyewa? A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu, suna ganin tunda yana waya ai yana nan. Waya ana sacewa, tana faɗawa ruwa, sikirin na mutuwa, memori na lalacewa rana ɗaya ba sallama, ka kai gyara a ce sai an yi filashin, ka amsa da to don kana sauri, a miƙo maka ita fes babu komai. Wanda aka sa a sitatus awa 24 ne ya ɓace. Wanda aka tura ta WhatsApp an matse shi ya rage kyau, in aka tura aka sake turawa aka yi sikirinshot, ranar da ka je wankewa sai ka ga fuska ta dagargaje. Masu cewa nasu yana Google, madalla, amma tun Yunin 2021 suka daina ba da wurin ajiyar hoto kyauta mara iyaka, 15GB ne kake rabawa da imel ɗinka, in ya cika ya daina ɗauka ko ka lura ko ba ka lura ba, sannan daga Disamban 2023 sun ce za su iya goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Kuma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a Bauchi suka san lambar sirrin imel ɗinsu? Yawanci yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe musu, ya sa abin da ya ga dama, layin da aka yi rajistar da shi ma wataƙila an rufe shi lokacin haɗa NIN ko ya daɗe ba a amfani da shi an sayar wa wani. In mai wayar ya rasu kuwa, ga ta nan a kulle a hannun iyalinsa, hotunan 'ya'yansa tun suna jarirai suna ciki, ba mai iya buɗewa. Waɗanda suka yi zamanin manhajojin hira na 2go da BBM su faɗa mana ina hotunan da suka tara a can, BBM ɗin ma tun 2019 aka rufe shi. Ajiyar hoto a waya kaɗai kamar zuba hatsinka ne a rumbun wani, ranar da ya ga dama ya ɗinke ƙofar.

Hoton takarda shi ma yana lalacewa, ban musa ba, amma a hankali yake lalacewa kana gani, kuma ba ya bukatar caji ko data ko lambar sirri. Fim ɗin da, mai ɗaukar 24 ko 36, tsadarsa ce ta sa ake tunani kafin a danna, kuma duk abin da aka danna sai an wanke. Shi ya sa gidan da ke da hoto ashirin kacal na shekarun 1980 har yau suna da ashirin ɗinsu.

Na san wasu tun ɗazu suna cewa a ransu, shi wannan bai san hukuncin hoto ba ne? Na sani, kuma ba abin wasa ba ne a wajena. Hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura sananne ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko hoton kyamara ya shiga ciki, wasu suka ce ya bambanta da sassaƙa da zanen hannu, wasu suka tsananta suka ce sai na lalura irin fasfo da katin shaida. Kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Abu biyu kawai zan roƙa. Wanda ya ɗauki fatawar tsanantawa, dan Allah kafin ya cinna wa albam ɗin gidansu ashana ya tuna ba shi kaɗai ke da haƙƙi a kansa ba, akwai 'yan uwansa da ke bin ɗaya fahimtar, ya sauke daga bango ya miƙa musu, don na san gidajen da aka ƙone hoton mahaifi guda ɗaya tilo, ƙannen da ba su yi wayo da shi ba har yau suna jin ciwon abin. Sannan hoton abin da ba shi da rai ai ba a yi saɓani a kansa ba. Ƙofar gari, masallaci, dutse, kasuwa da asuba kafin a buɗe, tsohon gidan ƙasa mai zanko da za a rushe gobe, duk wannan ko mafi tsananin malami ba zai hana ka ba, kuma rabin abin da nake kuka a kai kenan.

Ɗaukar ma tana da ladabi, kuma a nan muna da laifi babba a matsayinmu na al'umma. Hatsari ya faru a hanyar Kano ko hanyar Gombe, maimakon a kama a taimaka sai ka ga an zaro wayoyi, uwa ta ga gawar ɗanta a Facebook kafin a zo mata da labari. A ba almajiri ko gajiyayye sadakar taliya sai an ɗora masa kyamara a fuska. A ɗauki 'yar mutane a wajen biki ba da saninta ba a watsa. Irin wannan ne ya sa mutane ke ɗaure fuska in sun ga an ɗaga waya, kuma suna da gaskiya. Ka yi sallama, ka ce Baba ina so in ɗauki rumfar nan taka ne don tarihi, in ya ce a'a ka ce na gode ka wuce, in ya yarda kuma ka wanke ɗaya ka kawo masa. Dattawan kasuwa in ka yi musu haka sai sun ba ka labarin da ya fi hoton.

Wankewar nan ita ce maganar. Ba duka ba, ba mai kuɗin wannan a halin da ake ciki, amma a shekara ka zaɓi 'yan kaɗan, kuɗinsu bai kai abin da muke kashewa a data a sati ba. Ka tura wa mai wankin ainihin hoton ta waya da kebul ko a matsayin dokumen don kar a matse shi. Sannan ka juya bayansa ka rubuta da fensir: su wane da wane, a ina, wace shekara. Wannan rubutun shi mutane suka fi rainawa kuma shi ya fi komai. Kwanaki na zauna da gwaggona da wani tsohon hoton biki na gidanmu, mutum sun fi ashirin a ciki, na ce Gwaggo wannan mai farin mayafin fa? Ta kalla ta ce ai kakarka ce ta wajen uba, wancan na tsaye kuma shi ya yi wa babanka walicci, wannan yarinyar da ke goye kuwa ita ce Hajiyar da kuke zuwa gaisarwa a Azare. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa, uku ne kawai ta ce ta manta. A duk danginmu yanzu ita kaɗai ta rage da za ta iya wannan. Tsofaffin hotunan kuma kar a kai su laminatin, zafin injin yana ƙona su kuma ba a iya cire ledar daga baya, a ɗauki kwafinsu da waya a inuwa, a sa su a ambulan, a ɗaga su daga ƙasa saboda danshi.

Amma akwai abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma a nan ne nake ganin hukuma da masarauta da makarantunmu suna da aiki. A Kaduna akwai Gidan Arewa da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, masu bincike na zuwa daga ko'ina. Mu nan muna da kabarin Tafawa Balewa da ake ajiye kayansa, muna da ɗakin karatu na jiha, muna da jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da kwalejin kimiyya ta tarayya da ke Gwallameji da ta Tatari Ali da jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. Me zai hana a ware tebur ɗaya da kwamfuta da sikana da ɗalibai biyu, a yi shela a rediyo cewa duk mai tsohon hoton garin nan ya kawo, a kwafa a gabansa, a rubuta bayanin da ya bayar, a miƙa masa abinsa ya koma da shi a ranar? Mayar masa a take shi ne sirrin, don mutanenmu ba za su yarda su bar hoton ubansu a ofis a ce su dawo gobe ba. Masu unguwanni da hakimai sun san gidajen da ake da irin wannan ajiya. Haka nan duk titin da za a faɗaɗa, ai dama ana zuwa a auna gidaje da shaguna saboda biyan diyya, to a sa cikin sharaɗin kwangila cewa sai an bi layin nan kaf an ɗauke shi gida-gida kafin a rushe, a kai kwafi ɗakin karatu. A kuɗin kwangilar titi wannan ko a lissafi ba zai fito ba.

Sai tsofaffin masu hoto, waɗanda suka yi situdiyo a garin nan da labulensu mai zanen furanni da kujerar roba da tarho na ado, suka bi makarantu da gidajen biki da filin idi shekara da shekaru. Su ne suka fi kowa riƙe da fuskar Bauchi, don al'adarsu ce su ba ka hoto su riƙe nagatif saboda ko za ka dawo a ƙara wanke maka. Da dijital ta zo sana'ar ta karye, har Kodak da kansa ya durƙushe a 2012, su kuma wasu suka koma ɗaukar fasfo, wasu suka bar harkar gaba ɗaya. A Bamako akwai wani mai situdiyo irinsu, Malik Sidibe, da ya yi ta ɗaukar samari da 'yan matan unguwa a shekarun 1960 da 1970, bai zubar da nagatif ɗinsa ba, ya jera su a kwalaye da kwanan wata, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin fasaha na Venis a Italiya, kuma yau duk mai son sanin yadda matasan Mali suka rayu a lokacin wajen hotunansa yake zuwa. Namu ba su gaza shi ido ba, abin da suka rasa shi ne wanda zai zo ya ce musu kwalayen nan suna da daraja. Da yawansu sun tsufa, wasu sun rasu, 'ya'yansu kuma in suka tashi gyaran ɗaki ledar nagatif ce farkon abin da ake watsarwa bola don ba su san amfaninta ba, alhali yanzu akwai sikana da ke mayar da ita hoto tsaf. In akwai irin wannan dattijo a unguwarku ko a danginku, ku je ku gaishe shi ku tambaye shi ko kwalayen suna nan, in suna nan a nemo leda mai kauri a rufe su a ɗora a kan kabad kafin damina, sannan a zauna da shi da biro da littafi ya faɗi abin da ya tuna na kowane kwali.